Fansho nake ci, ga yoyon rufi ga takardar haraji, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni dattijo ne, shekarata 67, na yi ritaya shekara 7 da suka wuce, kuɗin sallamar da aka ba ni da su na ƙarasa gidan da muke ciki ni da maiɗakina da autanmu da jikoki biyu da muke riƙo. Fansho yana shigowa duk wata, ga ɗan kuɗin hayar ɗakuna biyu na waje, da dai muna lallaɓawa ba yabo ba fallasa. To bana komai ya haɗe min lokaci ɗaya. Rufin gida ya fara yoyo har silin ɗin ɗaki guda ya rufto, likita ya ƙara wa maiɗakina maganin hawan jini da na suga, ina cikin wannan sai ga takarda daga ofishin haraji wai ana bina harajin gida na shekara 4 har da tara, in aka haɗa ya kai fanshona na wata 5. Ni a zatona tunda na bar aiki na gama da haraji. Yau sati uku takardar tana cikin jakata, ban nuna wa kowa ba, ko maiɗakin nawa ba ta sani ba saboda ina tsoron jininta ya hau. Nima ina da hawan jinin amma na daina sayen nawa maganin don nata ya samu. 'Ya'yana uku manya suna aiki amma kowa yana fama da nasa iyalin, kuma ni ban saba roƙo ba, ni aka saba roƙa, har yanzu 'yan uwa suna zuwa kuma ba na iya cewa babu. Wani abokina ya ce in ci bashin nan na waya in kashe wutar gabana, wani kuma ya ce in sayar da gidan kawai in kama haya in huta. Wallahi ba na barci. Me kuke ganin ya dace?

Wa alaikumus salam Baba. Sannu, sannu ƙwarai, Allah ya ba Mama lafiya kai ma ya ƙara maka. Ka gafarce ni in na faɗi maganar da ta fi bakina, amma tunda ka tambaya gara in faɗa maka abin da na gani tsakani da Allah. Abin da ya fi tsaya min a rai cikin saƙonka shi ne sati ukun nan da ka yi kana kwana da wannan takarda kai kaɗai, mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana ɗaukar nauyin mutane yau ya rasa wanda zai buɗe wa cikinsa. Kuma na fahimci dalilin, duk wanda ya saba shi ne mai bayarwa, ranar da ta juyo kansa kunyar takan fi masa talaucin ciwo. Sai dai fa Baba shirun nan yana cin kuɗi, kullum ta Allah akwai abin da yake ƙaruwa a kanka saboda shi, tara tana hawa, ruwa yana ƙara jiƙa katako, jininka kuma ba magani. Matsalolin naka guda huɗu ne ko biyar, kuma ba nauyinsu ɗaya ba, tsoro ne ya dunƙule maka su suka zama kamar abu guda.

Na farko da ba zan iya ɗaga maka ƙafa a kai ba shi ne maganinka. Dan Allah ka koma kansa, yau ɗin nan in da hali. Hawan jini ciwo ne da ba ya sallama, mutum zai iya jin garau alhali jinin yana can sama, kuma abin da ake gudu shi ne shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya ko ƙoda ta taɓu, ga ka kuma cikin damuwa da rashin barci waɗanda su ma suna ƙara hawar da shi. Ka duba ta fuskar lissafi ma kawai, kuɗin magani na wata ɗaya ina zai kama ƙafar kuɗin kwanciya asibiti, kuma kai ne ginshiƙin gidan, in ka kwanta ba rufi ba haraji, komai ya tsaya. Abin da za ka yi shi ne ka je wa likita ko mai harhaɗa magani ka faɗa masa gaskiya cewa kuɗi sun yi wuya, ba abin kunya ba ne, kullum suna jin irinta. Yawancin magungunan hawan jini da na suga tsofaffin magunguna ne da kamfanoni da yawa suke yi, sinadarin ciki ɗaya, sunan kwali ne da farashi suka bambanta, sau da yawa akwai mai sauƙin kuɗi da yake aiki daidai da mai tsadar. Amma likita ne zai canza, kar ka canza da kanka, kar kuma a riƙa raba ƙwaya ko tsallake rana don ya daɗe, naka ko na Mama.

Toh mu zo kan takardar, domin ita ce mai agogo a jiki. Zaton da ka yi cewa ritaya ta raba ka da haraji mutane da yawa suna yinsa, kuma da dalili, shekara da shekaru ana cire maka haraji daga albashi tun kafin ya shigo hannunka, ba ka taɓa zuwa wani ofis ba, da albashin ya tsaya sai ka ɗauka magana ta ƙare. Amma haraji kala-kala ne. Wanda ake cirewa a albashi na kuɗin shiga ne. Na gida kuwa a kan ginin da filin yake, ba ruwansa da ko mai gidan yana aiki ko ya daina, ana kimanta darajar gidan ne a ɗora wani kaso duk shekara. Sannan kuɗin hayar da kake karɓa na ɗakunan nan biyu, a yawancin ƙasashe kuɗin shiga ne shi ma a idon hukuma. Shi kansa fansho wasu ƙasashen sun yafe masa haraji, wasu suna cira in ya wuce wani mataki. Ka ga kenan ba wai wani ne ya tsane ka ba, tsari ne da ba a yi maka bayaninsa ba lokacin da kake barin aiki, kuma gaskiya wannan gazawa ce ta masu sallamar ma'aikata, ya kamata a ce ana zaunar da mutum a faɗa masa.

Ciro takardar daga jaka ka shimfiɗa ta ka karanta a nutse, ko ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta tare da kai. Ka duba sunan da ke jiki naka ne, adireshin da lambar filin daidai ne, shekarun da aka lissafa waɗanne ne, nawa ne asalin harajin nawa ne tara nawa ne kuɗin ruwa, domin sau da yawa in aka warware sai ka ga wani kaso mai kauri na jimillar tara ce. Sai ka nemi ranar da aka rubuta da wa'adin da aka bayar. Wannan wa'adin shi ne ya sa nake maka gaggawa, a wurare da yawa kwana 30 ake ba mutum ya shigar da ƙorafi a rubuce in bai yarda da ƙiyasin ba, in ya wuce sai a ɗauka ya amince, kai kuma ka riga ka ci sati uku. Kenan satin nan za ka je, ba wata mai zuwa ba.

Kuma ka je ofishin da ƙafarka, kar ka kira lambar wayar da ke jikin takardar ka tsaya a nan. Dalili kuwa 'yan damfara sun gane dattawa masu gida suna tsoron hukuma, suna buga takardu masu kama da na gaske, ko su kira a waya da barazanar za a rufe gida gobe in ba a tura kuɗi yau ba. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusun mutum mai suna, ko ya ce kawo wani abu in share maka a kwamfuta, rabu da shi ko da a cikin ofishin yake zaune, kuɗinka zai tafi bashin kuma yana nan. Asusun hukuma kawai, rasit kuma a hannu kowane biya.

In ka isa, ga abin da nake so ka roƙa, kuma ka roƙa kai tsaye ba tare da jin nauyi ba don haƙƙinka ne. Ka ce a nuna maka yadda aka yi lissafin, a kan wace daraja aka kimanta gidan, domin ana kuskure, wani lokacin a rubuta gidan zama a matsayin na kasuwanci ko a ƙara masa girma. Ka tambaya ko akwai rangwame ga masu fansho ko masu yawan shekaru a kan gidan da suke zaune ciki, wurare da dama suna da irin wannan sassaucin, wasu ma yafewa suke gaba ɗaya, amma kusan ko'ina sai mutum ya nema da kansa ya kawo shaida, ba ya zuwa haka nan. Saboda haka ka riƙe katin shaidarka da takardar ritaya da ta fansho da takardun gida, kwafi za ka ba su, asalin ya dawo gida tare da kai. Ka faɗi gaskiya game da ɗakunan haya tun kafin a tambaye ka, na san zuciya za ta ce a yi shiru, amma in aka gano daga baya rangwamen da aka ba ka ma zai iya zama matsala, kuma a wurare da yawa kuɗin gyaran da ka kashe a ɓangaren haya ana rage shi kafin a lissafa harajin hayar, shi ya sa rasit ɗin gyara yake da amfani. Sai ka nemi a yafe tarar ko a rage ta tunda ba ƙin biya ka yi da gangan ba kuma ga ka ka kawo kanka, daga nan ka nemi a raba maka sauran kashi-kashi. Su ma fa ma'aikatan nan ka duba ta ɓangarensu, abin da ake nema a wurinsu shi ne kuɗi su shigo, mutumin da ya zo da kansa ya ce ga abin da zan iya duk wata ya fi musu sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda sai an bi shi da takardu da kotu. Duk abin da kuka yi yarjejeniya a kai a rubuta, a buga hatimi a kwafinka, maganar baki ba ta kare kowa ranar da aka canza ma'aikaci.

Bari mu ɗan yi lissafi don ka ga girman abin na gaskiya. Ko da ba a rage maka komai ba, fanshon wata 5 in aka raba shi a wata 24 kusan kashi ɗaya cikin biyar na fanshonka ne duk wata. Da ciwo, ban ce babu ba, ga kuma harajin shekarar da ake ciki da zai ci gaba da zuwa, amma wannan abu ne da gida zai iya ɗauka in an haɗa hannu, ya yi nisa da abin da za a sayar da gida a kansa. Shawara ɗaya a nan, kar kunya ta sa ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka a gaban ma'aikaci, gara ka ce kaɗan ka cika duk wata da ka ce da yawa ka karya a wata na uku. In kuma ka ga lissafin ya rikice ko ba a saurare ka ba, biyan akawu ko lauya na zama ɗaya ya duba maka takardun ba asara ba ne.

Rufi kuma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni abin da nake tsoro kar wani ya zo ya hau sama ya sauko ya ce maka sai an sauke rufin gaba ɗaya, kai kuma ka ji jimillar ka sare ka bar shi haka. Yoyo da yawa daga ƙaramin abu yake, ƙusa ta saki, mahaɗar kwano ta buɗe, indararo ya toshe ruwa yana komawa ciki, ko falle biyu uku ne suka yi tsatsa. Ka kira mutum uku daban-daban kowa ya duba ya faɗi nasa, kuma ka ce musu a raba maka aikin gida biyu, abin da zai tsayar da ruwa yanzu, da abin da zai iya jira. Tsayar da ruwan shi ne na gaggawa, don in aka bar shi katakon rufin ne zai ruɓe, ya sauko bango, ya taɓa wayoyin wuta, a nan ne ƙaramin gyara yake zama babba har da haɗarin gobara. Silin da fenti kuwa ado ne, su jira shekara ma ba komai, a kwashe abin da ya rage yana reto don kar ya faɗo wa jikoki, a kashe wutar ɗakin har sai mai gyaran wuta ya duba. Kayan aiki ka saya da kanka ko ka aiki autanka, kuɗin aiki kuma a biya mataki-mataki, kar a ba da duka tun kafin a hau sama.

Bashin waya da abokinka ya ce, a'a Baba, ina roƙonka. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma irin wannan bashin an gina shi ne don mai albashin da zai biya cikin sati biyu ko wata, kuma ko su yana wahalar da su. In ana ɗora maka kashi 10 cikin 100 duk wata kuma ruwan yana hawa kan ruwa, cikin wata 12 bashin ya ninka fiye da sau uku, kai kuma fanshonka yana nan inda yake. Wasu daga cikinsu kuma in ka yi jinkiri lambobin da ke wayarka suke bi suna tura saƙon tozarci, wato sirrin nan da kake ta rufewa su za su fallasa shi ta hanya mafi muni. Haka nan duk wanda ya ce ka kawo takardar gida jingina ya ba ka kuɗi, kar ka ko zauna da shi. In dai bashi ya zama dole, to ya zama na gyaran rufi kawai, daga hannun ɗa ko ɗan uwa ko ƙungiyar tsofaffin ma'aikata in kana cikin wata, ba ruwa, a rubuta, a sa lokacin biya.

Sayar da gida kuwa ban ce haramun ba ne har abada, akwai dattawan da gida ya yi musu girma bayan yara sun watse, suka sayar suka sayi ƙarami suka ajiye ragowar kuma suka ji daɗi. Amma wannan shawara ce da ake yankewa da kwanciyar hankali, da Mama da yara, bayan an san darajar gidan, ba a cikin firgici ba, don mai saye yana ganin gaggawa a fuskar mai sayarwa kuma da ita yake taya farashi. Sannan ka tuna bashin harajin ba ya ɓacewa don an sayar, a cikin cinikin za a cire shi, ga la'adar dillali ga kuɗin takardu. Babban abin kuma, wanda ya ce ka kama haya ka huta bai faɗa maka kuɗin haya yana tashi kusan duk shekara ba, fansho kuwa ba ya bin sa a guje. Kana da shekara 67, in Allah ya ba da rai za ka iya yin wasu 20 ko fiye, kuɗin gida a hannu ba ya kai wa can, ka ɗauki 72 ka raba da kason hauhawar farashi na shekara za ka ga shekarun da kuɗi suke rasa rabin ƙarfinsu, in kashi 12 ne shekara 6 kacal. Gidan nan shi ne yake kare ku daga wannan, har yana kawo haya. In akwai abin sayarwa a nemi wanda yake kwance ba ya kawo komai, tsohuwar mota da ba a hawa, ko wani fili da ba za a gina ba.

Yanzu maganar da na san ta fi maka wuya, Mama. Na yarda ƙauna ce ta sa ka ɓoye mata. Amma Baba matar da kuka yi shekaru haka tare, kana juyi a gado har asuba, ka rage cin abinci, ka daina shan maganinka, kana ganin ba ta lura ba? Ta lura, kawai ba ta san mene ne ba, kuma zuciyar da ba ta san mene ne ba takan saƙa abin da ya fi gaskiyar muni, ko wani mugun ciwo likita ya faɗa maka, ko wani abu ya samu ɗaya daga cikin yara. Wannan zullumin ya fi hawar da jini a kan a ce mata ana bin mu haraji kuma ga yadda za a biya. Ka je ofishin tukuna ka dawo da lissafi a hannu, sai ka zaɓi lokacin da ta sha maganinta ta huta, ka faɗa mata matsalar da mafitar a zama ɗaya. Ita ce take riƙe da cefane da hidimar yau da kullum, ta san inda kuɗi suke zurarewa fiye da kai, za ka sha mamakin abin da za ta iya tsukewa. Kuma akwai haƙƙinta a ciki, gidan nan mazauninta ne ita ma, rai kuma a hannun Allah yake, bai kamata a ce wata rana ta tsinci takardar bashi a jakarka ba ta san komai a kai ba.

Yaran ma haka. Gaskiya ne kowa yana fama da nasa, kuma na ji daɗi da kake tausaya musu, iyaye da yawa ba sa yi. Amma ka juya abin, in da kai ne ka ji mahaifinka ya daina shan magani ko ya ci bashin da ya ninka sau uku don kar ya dame ka, daɗi za ka ji ko ciwo? Abin da yake wahalar da 'ya'ya shi ne kiran gaggawa na babban kuɗi da ba su shirya masa ba, da kuma maganar da ba ta da iyaka irin ku taimaka mana. In ka tara su ukun lokaci ɗaya, ko a waya ne, kowa ya ji abin da kowa ya ji don kar gobe a ce an fifita wani ko an ɗora wa wani, ka ce ga abin da ya faru ga abin da na riga na yi ga gibin da ya rage, sai ka ba kowa abu takamaimai. Wani ya ɗauki maganin Mama duk wata ya biya kai tsaye, wani ya ɗauki kason haraji, wani ya tsaya kan rufi sau ɗaya. Ba dole ya zama daidai wa daida ba, kowa gwargwadon ƙarfinsa, kuma ka ba su dama su yi shawara da matansu ko mazajensu, don abin da aka yi da yardar gida shi ne yake ɗorewa. Wanda ya ce ba zai iya ba yanzu kar ka riƙe shi a zuciya. Jikokin nan biyu kuma, in iyayensu suna raye kuma suna da hali ko kaɗan ne, kuɗin makarantarsu da na asibitinsu ya koma wuyan iyayen, riƙo ba ya nufin an sauke musu komai. Autanka in yana samun wani abu ya ɗauki ko kuɗin wuta ne ko na ruwa, in ba ya samu to ƙafarsa da lokacinsa gudummawa ne, shi zai raka ka ofis, shi zai tsaya kan masu gyara.

'Yan uwa masu zuwa kuwa, ka ce musu bana ina da hidima a gabana, shikenan, ba sai ka yi dogon bayani ba. Wanda yake ƙaunarka zai fahimta. Ba daidai ba ne kana ba wani kuɗin mota kai kana kwana ba magani.

In ƙura ta lafa akwai abin da nake so ka fara, ko da bashin bai ƙare ba. Irin waɗannan kashe-kashen da muke ce wa ba-zata, yawancinsu ranarsu ce kawai ba a sani ba, zuwansu kam tabbas ne, rufi yana tsufa, famfo yana lalacewa, firij yana mutuwa, jiki yana ƙara neman magani, haraji kuma duk shekara ne. Masu harkar gidaje suna da wani ma'auni na kusan kashi 1 cikin 100 na darajar gida a ware duk shekara don gyara, tsohon gida ma ya fi haka. Ba lallai ka kai wannan ba, amma ka ɗauki harajin shekara ka raba 12, ka ƙara ɗan wani abu na gyara da na asibiti, ranar da fansho ya shigo ka cire shi tun kafin a taɓa komai ka sa a asusu daban wanda ba ka yawo da katinsa. Mafi sauƙi ma a wurinka, ka ɗauka kuɗin hayar ɗaki ɗaya ba naka ba ne, na gidan ne, gida ya riƙa ciyar da kansa. Ka duba kuma yaushe rabon da ka sabunta kuɗin hayar nan, masu gida dattawa da yawa suna barin sa shekara da shekaru saboda kara, ƙari mai adalci da sanarwa a kan lokaci ba zalunci ba ne. In akwai tsarin inshorar lafiya da ke karɓar masu ritaya a inda kake, a tambaya a ji me yake ɗauka, musamman magungunan da ake sha kullum. Burin da ake so a kai a hankali shi ne ajiyar da za ta riƙe gida wata 3, in ta kai 6 ma ya fi, amma ko ta wata ɗaya ce ta raba ka da bashin waya.

Sai ka samu fayil guda ɗaya ka zuba komai ciki, takardun gida, na fansho, yarjejeniyar da za ku yi da ofishin haraji, kowane rasit, yarjejeniyar 'yan haya, sunayen magungunanku, a ɗauki hotonsu a waya kuma, Mama da ɗaya daga cikin yaran su san inda yake. Kafin duk wannan dai, gobe da safe chemist ko asibiti tukuna a auna jininka a karɓo maganin, daga can ku wuce ofishin kai da autanka da takardar da kwafin shaidunka. In kun dawo ka sake rubuto min abin da suka ce game da tarar da rangwamen masu fansho, sai mu duba yadda za a tsara biyan tare. A gaida Mama da jiki.